Tunkiyar Inna Furera da Ciyawar Bakin Dam

Akwai wata amarya mai suna Shamsiyya, 'yar Doguwa, da aure ya kawo ta Tiga. Tana da kirki da zafin nama, amma fa ta tsani a ce mata "ba haka ake yi ba".

Surukarta, Inna Furera, tana da tunkiya guda. Ita ce ta ƙarshe a zuri'ar tumakin da suka taso da su ranar da ruwan dam ya cinye ƙauyensu. Da Inna Furera za ta tafi bikin suna a Bebeji, mijin Shamsiyya kuma yana Kano, sai ta bar mata amanarta na kwana biyar.

Rani ne, harawa ta ƙare. Shamsiyya ta gangara bakin ruwa, ta ga wani ganye shar yana yaɗo da fure ja-ja, kamar ganyen dankalin da suke ba awaki a gida. Ta cika buhu.

Maƙwabcinsu Baba Ɗanasabe, wani tsohon masunci, ya ɗaga murya: "'Yata, dakata! Duman kada ne wannan, dabba ba ta cinsa ta kwana lafiya."

"To, Baba," ta ce. A ranta kuwa cewa ta yi, me mai kamun kifi ya sani game da kiwo?

Kwana huɗu tana zuba wa tunkiya. Yunwa ta sa ta ci.

Ranar ta biyar da hantsi, Shamsiyya ta tarar da ita tana karkarwa, kai na rawa, ido ya kafe. Ta miƙe ta faɗi, ta sake miƙewa ta kifa. Shamsiyya ta ruga ɗaki neman magani. Ta ɗura mata manja, ta ɗura kanwa, abu sai gaba yake yi.

Da ta ga numfashi na sarƙewa, ta fita a guje ba mayafi. "Baba, don Allah ka taimake ni!"

Tsohon ya durƙusa ya duba, ya girgiza kai. "Miƙo wuƙa, kada ta yi mushe."

Yana cikin wanke hannu Inna Furera ta yi sallama, da ƙullin dusa a kanta, tsarabar da ta sayo wa tunkiyarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta sauke ƙullin, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Shi ke nan, yau garinmu ya ƙarasa nutsewa."

Darasi: Ba kowane koren ganye na bakin ruwa ne abincin dabba ba. Idan ka zo baƙon wuri, ka saurari waɗanda ka tarar. Ku tura wa duk mai kiwo, ko Allah zai sa a tsirar da dabbar wani.