Yadda Garuruwan Bakin Kogi Suka Juya wa Gwamna Jatau Baya

An ce da Gwamna Jatau ya sha kaye a zaɓe, abin da ya fi ƙona masa rai shi ne garuruwan bakin kogi, waɗanda tun zamanin mahaifinsa ba su taɓa barin jam'iyyarsu ba. Mashawartansa suka rabu biyu. Wasu suka ce tsadar hatsi ce, wasu suka ce don ya soke bikin kamun kifi ne. Sai ya sa aka kira Inna Kande, tsohuwar da ke tara masa mata a yankin.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka san labarin Barmo shugaban mahauta?"

Ya ce, "Ban sani ba, Inna. Ina jin ki."

Ta ce, "Barmo ya daɗe mahauta suna zaɓensa. Wata shekara shanu suka yi tsada, shi kuma ya tashi mayanka daga inda kakanninsu suke yanka, ya mai da ita bayan gari, bai shawarci kowa ba. Suka sauke shi. Ya je wajen amininsa Cindo, ya ce, 'Tsadar shanu ce ta kayar da ni.' Cindo ya ce, 'Zauna ka ji abin da ya sami kawuna Gambo.

"'Kawu Gambo yana noma gandu ɗaya da ƙannensa. Aka yi fari, tuwo ya ƙaranta, amma kullum a akushi ɗaya suke ci, ba wanda ya yi ƙorafi. Da shekara ta zagayo ba sauƙi, ya fara sa a kai masa nasa tuwon ɗaki. Kafin damina suka ce a raba gona. Ya ce, ashe yunwa za ta raba mu? Ƙaraminsu ya ce, Yaya, yunwar bara ma ta fi wannan, amma da kai muka ji ta. To kai ma, Barmo, ba bana shanu suka fara tsada ba.'"

Inna Kande ta gyara mayafi, ta ce, "Zaɓen da ya wuce ma hatsi yana tsada, suka zaɓe ka, don kana zuwa bikinsu, kana zama a tabarmarsu. Tsada ce ta sa suka ɗaga kai suna nemanka. Da suka duba, ba ka nan, bikin ma ka soke."

Gwamna ya ce, "Na yarda, Inna. Gobe ki raka ni wurinsu."

Ta ce, "Zan raka ka. Amma ka bar jawabi a gida."