Jan Giris a Nonon Bindigar Delmer

Akwai wani manomi mai suna Delmer Caudill a wani ƙauye cikin duwatsun Kentucky. Mutum ne mai ƙwazo, amma ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa ƙasan kofin.

Yana da ƙaramar bindiga irin ta kakanni, mai ɗaki shida, wadda ake ɗura wa albarushi da dalma. Bayan kowane ɗaki akwai ɗan bututun ƙarfe da suke kira nono. A kansa ake ɗora hular wuta, guduma ta daka, tartsatsi ya bi ramin ya tayar da albarushi.

Nonuwan bindigar Delmer sun cinye, ramukansu sun buɗe. Ga gasar harbi ta kaka ta matso, wadda ake cin talo-talo. Dole ya kai ta wajen Baba Orval Tackett, tsohon da ya shekara arba'in yana gyaran bindigogin yankin.

Baba Orval ya kwance tsofaffin, ya wanke mazauninsu, ya ɗaura sababbi shida. Ya ɗaga ta ga hasken taga ya ce, "Leƙa ka gani, kowane rami tas. Kada ka taɓa su. Ranar gasa ka fasa hula a kowane ɗaki don gwaji kafin ka ɗura, shi ke nan."

Delmer ya karɓa, amma tun a mota zuciyarsa ta fara saƙa. Me ya sa tsohon ya ce kada a taɓa? Kuma ba 'yarsa Nadine ce ta zo ta biyu bara ba, ratar maki ɗaya tsakaninta da shi Delmer?

Yana isa gida ya ture kwanon wake da burodin masara, ya baje bindiga a teburin cin abinci. Ya kwance nonuwan ɗaya bayan ɗaya, ya jujjuya, ya shinshina. Bai ga komai ba. Rashin ganin ma ya ƙara masa zargi. Da zai mayar, ya lakato jan giris na tarakta ya lafta wa kowanne, wai kada su yi tsatsa.

Ranar Asabar, ranar gasa, mutum kusan arba'in suka taru a filin harbi, har da Baba Orval. Delmer bai fasa hular gwaji ba, don shawarar Orval ce. Ya ɗura, ya saita, ya ja kunama. Fat! Hula ta fashe, bindiga shiru. Ya sake. Fat! Sau shida.

Wani daga baya ya ce, "Delmer, talo-talon nan tsufa zai kashe shi!"

Aka tuntsire da dariya. Delmer ya juyo ido jajir ya nuna tsohon da yatsa.

"Ga wanda ya yi min! Ya toshe min bindiga don 'yarsa ta ci! Duk mai bindiga a shagon Orval ya je ya ɗauke abinsa!"

Baba Orval ya miƙo hannu. "Ɗana, ba ni ita mu duba a nan, gaban kowa."

"Don ka ɓoye aikinka? Ba ka isa ba!" Ya shiga mota ya tafi.

Ku duba fa. Ba shaida, ba bincike, ba tambaya ko ɗaya. Kafin Laraba mutum bakwai sun kwashe bindigoginsu daga shagon. A coci wasu suka riƙa gaishe da tsohon a tsaitsaye. Aikin shekara arba'in, baki ɗaya ya zubar da shi cikin minti ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi Baba Orval ya je gonar da kansa, da sifana da allura a aljihu.

"Ba faɗa ya kawo ni ba. Kai za ka kwance da hannunka, ni ko taɓawa ba zan yi ba."

Delmer ya kwance nono ɗaya yana hararar sa. Ya zura allura. Wani jan abu ya fito ta ɗaya ɓarin kamar tsutsa. Na biyu haka. Na uku haka.

Tsohon ya dubi taraktar da ke rumfa, ya dubi Delmer. "Ni dai ba ni da tarakta."

Delmer ya sunkuyar da kai. Can ya shiga gida ya fito da kwalbar zuma. "Baba, a yi haƙuri. Ya zauna tsakaninmu."

"Tsakaninmu? A tsakaninmu ka zage ni? Riƙe zumarka. Inda ka zubar da sunana, can za ka je ka kwaso shi."

Kwana biyu Delmer yana kai-kawo. Har ya fara tunanin ko tsohon so yake ya wulaƙanta shi. Amma wannan karon allurar na hannunsa, kuma ya san wanda ya lakato giris ɗin.

Ranar Asabar ya tsaya gaban jama'a a filin harbi, ya cire hularsa, ya yi magana can cikin maƙoshi. "Ni na toshe bindigata. Baba Orval ba shi da laifi."

Tsohon ya kafa tafin hannu a bayan kunne.

"Me ka ce? Ka san harbi ya cinye min kunne. Wancan satin dai na ji ka sarai. Da waccan muryar za ka faɗa."

Delmer ya maimaita, ya ɗaga murya har karnukan da ke cikin motoci suka ɗauki haushi.

Darasi: Kafin ka nuna wani da yatsa, binciki abin da hannunka ya taɓa. In kuwa ka riga ka ɓata sunan mutum a bainar jama'a, haƙurin bayan ɗaki ba ya biya. A inda ka yi ɓarna, da muryar da ka yi ta, can za ka gyara. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka san har yau akwai sunan da bai wanke ba.