Masu Ƙuri'ar Tungar Gamji

Mutanen Tungar Gamji suka tura Tasalla mai daddawa wurin ɗan majalisarsu, Honarabul Ɗanliti, neman rijiyar burtsatse.

Ya ce, "Waɗanda suka zaɓe ni kaɗai nake yi wa aiki. Tattaro min su duka."

Washegari ta kwaso garin kaf.

Ya ce, "Ba su cika ba! Ƙuri'un da na samu a garinku sun ninka waɗannan."

Ta ce, "Gaskiyarka, ranka ya daɗe. Sauran suna maƙabarta. In kira 'yan jarida mu je mu gaishe su?"

Ya yi yaƙe. "Inna, a ina za a haƙa?"

"Kusa da masu rai. Su waɗancan ba sa shan ruwa, ƙuri'a kawai suke jefawa."