Baƙin Abu a Rijiyar Gwauruwa

Akwai wani manomi mai gona a bayan gari, yana zaman lafiya da kowa. Kusa da gonarsa akwai wata gwauruwa mai rijiya da ɗan lambu, da alayyafon lambun nan take ciyar da 'ya'yanta uku.

Wata rana wata mata tana wucewa, sai ta hango wani baƙin abu a kan ruwan rijiyar. Ta ce wa maƙwabciyarta, "Na ga wani abu a rijiyar gwauruwa, kamar mushe." Maƙwabciyar ta je wurin niƙa ta ce mushen akuya ne. Kafin ranar kasuwa har ana cewa gwauruwar ta sani sarai, amma da ruwan take ban ruwa. Ta wuni a kasuwa ba wanda ya taya ko ƙulli ɗaya. Ta koma gida da ganyenta ya yanƙwane, ba ta san laifin da ta yi ba.

Wani aboki ne ya kawo wa manomin labarin a gona. Ya ce, "Ka gargaɗi mutanen gidanka, kada su sayi ganyen matar nan."

Manomin ya ajiye fartanya ya ce, "Kai ka gani da idonka?"

"A'a, an dai ce."

"Wa ya ce?"

Abokin ya rasa sunan da zai kama.

Manomin ya tuna da yaran nan uku, ya kasa ci gaba da noma. Ya ɗauki igiya da ƙugiya, ya je ya yi sallama, ya ce, "Uwar yara, ki yarda in duba rijiyarki."

Ta ce, "Allah ne ya kawo ka, maƙwabci. Gugana ya faɗa tun ranar Litinin, na rasa mai ciro mini."

Ya zura ƙugiya, sai ga tsohon guga na baƙar roba. Ya ɗebo ruwa ya sha a gaban abokinsa. Da kasuwa ta sake ci, shi ya fara sayen ganyenta, yana faɗa wa duk mai wucewa abin da ya ciro. Kafin azahar ta sayar da komai, manomin kuwa ya koma gonarsa da farin ciki.

Ma'anar wannan misali ita ce, yarana 'yan ƙaramar sakandare: rijiyar nan sunan 'yar ajinku ce. Yarinya ta yi mako biyu ba ta zo makaranta ba, wani ya ce wataƙila korarta aka yi, na biyu ya jefar da "wataƙila", na uku ya ƙara satar amsa ya tura a waya. Ita kuwa tana asibiti tana jinyar mahaifiyarta. Ba wanda ya yi niyyar mugunta, amma ranar da ta dawo ba mai zama kusa da ita.

Allah bai ce ka rufe bakin makaranta duka ba. Naka bakin ya ba ka amana. In magana ta iso kunnenka gobe, ka tambaya, "Ka gani da idonka?" In babu amsa, maganar ta mutu a wurinka. Sa'an nan ka tashi, ka je ka zauna kusa da yarinyar nan.