Bushiya da Dokar Masu Tashi

Ga ta nan, ga ta nanku, ta sha hanya tana neman kunne.

Ta zo mu ji ta, ga tabarma.

To, ku matso. Ke Ladingo, saki kunnen ƙanenki, da shi zai ji.

Wata shekara aka yi fari. Sama ta ƙi zubo ko ɗigo. Rafi ya ƙafe, rijiya ta ƙafe, har kwaɗo ya manta muryarsa. Ruwa ya rage a wuri ɗaya tak, wani ɗan tafki a gindin rimi.

Tsuntsaye suka riga kowa ganinsa, don su daga sama suke kallo. Suka kewaye shi da ƙaya, suka bar ƙofa ɗaya. Sarkinsu Shaho ya kafa doka, ya ce ba mai shan ruwan nan sai mai tashi. Ya sa gwaggonsa Jimina tsaron ƙofa, Hankaka yana yi mata aike. Tsohon Zalɓe kuwa shi ne alƙali, don ya fi kowa sanin maganar mutanen da.

Akwai Bushiya a wani gari na masu rami. 'Ya'yanta uku. Kwana biyu ba su ga ruwa ba, autar har ta daina kuka. Bushiya ta dube ta, ta dubi ƙoƙon da ba komai a ciki. Ta ɗauki ƙoƙon ta kama hanya.

Ta isa ƙofar tafki, ta durƙusa.

"Ranki ya daɗe, ina wuni? Ɗan ruwa na zo nema, yara ba su da lafiya."

Jimina ta sunkuyo da dogon wuyanta. "Ke wace ce?"

"Bushiya ce."

"Kina tashi?"

"Wani lokaci."

Hankaka ya kwashe da dariya har ya ƙware. Jimina ta ce, "Da ƙayar za ki tashi? Wuce ki ba ni wuri."

Bushiya ba ta wuce ba. Ta nemi tsakiyar ƙofa ta zauna daɓas, ta miƙe ƙafa. Zabi suka zo, ba hanya. Tattabaru suka zo, ba hanya. Wanda ya matso sai ƙaya ta gaishe shi. Layi ya yi tsawo, ana ta ƙorafi.

Ran Jimina ya ɓaci. Ta ce, "Ke, tashi daga nan."

Bushiya ta miƙe tsaye, ta karkaɗe jikinta. "Na tashi, ranki ya daɗe. Ina zan ɗiba?"

"Ɗiban me?"

"Kin ce in tashi, na tashi. Kowa ya gani. Doka ta ce mai tashi ya sha."

Aka kira Zalɓe. Ya zo yana ɗaga ƙafa ɗaya yana ajiye ɗaya. Ya ji ta bakin kowa, ya ce, "Gaskiya tun zamanin kakana, in na zaune ya miƙe, cewa ake ya tashi. Ba ni da wata kalmar da zan ba shi. A bar ta ta ɗiba."

Bushiya ta cika ƙoƙo, ta koma gida tana waƙa. In na yi, ku ce "tashi".

Na zaune in ya miƙe fa?
Tashi.
Ko ba shi da fiffike?
Tashi.
Ruwan tafki na Bushiya ne?
Tashi.

A'a, nan "na Bushiya ne" za ku ce. To, bari dai.

Yara suka sha. Autar ta buɗe ido. Amma ƙoƙo ɗaya ina zai kai baki huɗu? Washegari babu ko laima.

Bushiya ta koma. Tun daga nesa Jimina ta ce, "An gyara doka. Tashi daga zaune ba ya ciki. Ni kuma yau ko za a yanka ni, kalmar nan ba za ta fito daga bakina ba."

"Haka ya kamata, ranki ya daɗe. Ni ma gaisuwa na zo."

Ta kwanta a bakin ƙofa, rana tsaka, ta dunƙule kamar curin fura. Can sai minshari. Minshari fa na gaske, irin na kakanku bayan ya ci tuwo. Ganyen rimi na kaɗawa. Ƙananan tsuntsaye suka kasa haɗiyar ruwa don tsoro.

Jimina ta buga ƙafa, barci bai motsa ba. Ta yi gyaran murya, minshari ya ƙaru. Ta nuna wa Hankaka da ido. Hankaka ya kai sara, ƙaya ta shige masa hanci. Ya yi tsalle, ya koma gefe yana hawaye.

Sai da ta ga dama, Bushiya ta ware jiki, ta yi hamma, ta murza ido.

Hankaka ya ce, "Alhamdulillahi, ranki ya daɗe, ta tashi."

Jimina ta rufe ido.

Bushiya ta ce, "Na gode, malam Hankaka. Allah ya ba hancin lafiya. Ina zan ɗiba?"

Aka sake kiran Zalɓe. Ya sosa kai da ƙafa, ya ce, "Wannan ma tsohuwar magana ce. Mai barci in ya farka, ya tashi. Uwata haka take ce mini kowace safiya, kuma ba sama take nufi ba. A bar ta ta ɗiba."

Mai barci in ya farka fa?
Tashi.
Hankaka ne shaida?
Tashi.

Da ta isa gida ta tarar da maƙwabta a ƙofar raminta. Kurege da matarsa, Kunkuru, Ƙadangare, duk leɓe ya tsage. Ba wanda ya roƙe ta. Kallon ƙoƙon kawai suke. Bushiya ta ba 'ya'yanta kurɓi ɗaya ɗaya, ta miƙa sauran. Ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

Ta ce, "Gobe kowa ya naɗe tabarmarsa. Kada a bar ko muciya."

Rana ta uku, Jimina na tsaye sai ta hango ayari. Bushiya a gaba da tukunya a ka, autarta a goye. Kurege ya ɗauko turmi. Ƙadangare na jan tabarma. Kunkuru can baya, ya ce shi dama da ɗakinsa yake yawo.

Zalɓe ya ce, "Baiwar Allah, ina zuwa da kaya haka?"

"Allah ya gafarta malam, garinmu ne ya tashi. Duka mun tashi, ba a bar kowa ba. Mun dawo nan kusa da ku."

Zalɓe ya dubi Jimina. "Gwaggo, kin san in mutane suka bar gari da kayansu, tun da can..."

"Kada ka ƙarasa," in ji Jimina. "Hankalina ya gama tashi."

Bushiya ta ce, "To ga wani ma. A ba hankalin nata ruwa."

Dariya ta ɓarke har cikin tsuntsaye. Hayaniya ta kai kan rimi, sai ga sarki Shaho ya sauko. Kowa ya faɗi ya yi gaisuwa. Hankaka ya zayyana masa komai ta hanci.

Shaho bai yi dariya ba. Ya ce, "Na gaji da wasa da baki. Tashi ɗaya na sani. A buɗe fiffike, ƙafa ta bar ƙasa, a kai reshen rimin nan. Wanda bai iya ba, ba shi ba ruwan nan, ko wane ne. Ke kuma, in kin kasa, ni zan ɗauke ki in kai ki inda gajimare yake in sake ki. A hanya kya koya."

Cikin Bushiya ya ɗuri ruwa, shi kaɗai ne ruwan da ta samu tun jiya. Ta ji autar na motsi a bayanta. Ta sauke tukunya a hankali, ta kwance goyo ta miƙa wa matar Kurege.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na yarda. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ni 'yar rami ce, ban taɓa ganin yadda ake yi a kusa ba. A sa babbarku ta nuna mini sau ɗaya, in kwaikwaya. Ga mai tsaron ƙofa nan, ba wanda ya kai ta fiffike."

Shaho ya ce, "Wannan ba wuya. Gwaggo, nuna mata."

Jimina ta ce, "Yau ƙafata na ciwo."

"Ai ba da ƙafa ake yi ba," in ji Bushiya.

Ba yadda za ta yi. Jimina ta ja da baya, ta buɗe fiffike, ta sheƙo da gudu. Fafafafa. Ta wuce rimi, ƙafa na ƙasa. Ta dawo ta ce iska ce ba ta da kyau. Ta sake ja da baya, ta sheƙo. Fafafafa. Ta bangaje turmin Kurege, ƙafa na ƙasa. Ta ce rana ce ta shiga idonta. Karo na uku ta tafi can nesa har ta zama kamar zabuwa, ta taho da dukan ƙarfinta, ta daka tsalle, ta faɗo rub da ciki a gaban sarki.

Kunkuru ya leƙo daga ɗakinsa ya ce, "Ƙura dai ta tashi."

Ashe rabon Jimina da sama tun tana budurwa. Ba wanda ya taɓa tambaya, don babba ce.

Bushiya ta ce, "Ranka ya daɗe, da bakinka ka ce ko wane ne. Mu biyu za ka ɗauka ke nan. Ka fara da ita, ta fi nauyi, kada ka gaji."

Shaho ya dubi gwaggonsa kwance cikin ƙasa, gashi duk ya tuje.

Zalɓe ya matso ya yi ƙasa da murya. "Ranka ya daɗe, ranar da mahaifiyarka ta rasu kana cikin ƙwai. Gwaggon nan taka ce ta kwanta a kanka har ka fito, ta ci da kai har ka girma. In baƙo ya tambaye ka yau, a hannun wa za ka ce ka tashi?"

Shaho ya sunkuyar da kai. Ya ce, "A hannunta na tashi." Ya juya ga Hankaka. "A cire ƙayar nan. Wanda ya tashi daga zaune ya sha. Wanda ya tashi daga barci ya sha. Wanda garinsa ya tashi ya sha. In akwai wani tashin da ban ji ba, shi ma ya zo ya sha, kada a sake kawo mini."

Aka buɗe tafki. Bushiya ta karɓi autarta, ta tsoma mata baki a ruwa, sannan ita ma ta kafa kai. Ta sha, ta sha, har ƙayoyinta suka miƙe.

Jimina kuwa kunya ta hana ta zama cikin tsuntsaye. Ta yi daji. Har yau in kun gan ta, za ku ga ta buɗe fiffike tana gudu. Gwadawa take, ko Allah zai sa.

Shi ya sa kalmar tashi ba ta da mai ita. Tsuntsu ya tashi, kasuwa ta tashi, ƙullun ƙosai ya tashi, ku ma ga shi kuna tashi a gidan nan. Kuma duk wanda zai kafa wa mutane doka, ya fara gwada ta a kan na gidansa.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. In ƙarya na yi, ku je ku tambayi Jimina, in kun iya kamo ta.