Usur ɗin Koci Uwani

Ku matso, wannan ba a nesa ta faru ba, a Malumfashi ne. Akwai wata mai horar da 'yan mata ƙwallon raga, Koci Uwani. Tun tana ɗaura igiyar shanya a matsayin raga take wannan aiki, har furfura ta cim mata. Kofunan da ta ciyo, an ce har kajinta a ciki suke shan ruwa. Kofin Arewa kaɗai ya ƙi ta. Sai ta ce ranar da aka ciyo shi za ta huta, ta rataya wa yarinyar da ta kawo shi usur ɗinta, ita ce koci bayanta.

Dokokinta kuwa uku ne, har masu tallar gyaɗa a bakin fili sun haddace: ba a sa ƙafa, ba a ɗaga ƙwallo ba a duba ba, in an yi tsalle a doka da ƙarfi.

Ranar wasan ƙarshe na Kofin Arewa, saura maki ɗaya 'yan matanta su ci, abokan karawarsu 'yan Jos suka sako wata ƙwallo mai wuta. Ladidi, gajeriyar da ke tsaron baya, ta ga hannunta ba zai kai ba, ta miƙa ƙafa ta tare ta saura kaɗan ta taɓa ƙasa. Koci ta dafe kai.

Ƙwallo ta tashi a karkace. Shatu mai ɗagawa ta ga 'yan Jos duk sun taru a gabanta suna jira, sai ta cilla ta bayanta, ko waiwaye ba ta yi ba. Koci ta fara salati.

Can baya doguwar Kulu ta yi tsalle, wasu sun rantse sun ga ta gaisa da shirwa. Koci na ihu, “Doka! Doka, don ubanki!” Kulu ta hango masu tarewa sun ja da baya don tsoron hannunta, ta sa 'yan yatsu ta ɗan tura ƙwallon kamar mai ajiye ƙwai. Ƙwallo ta faɗi a gindin raga, a ɓangaren 'yan Jos. Kofi ya zo Malumfashi.

Da aka gama guɗa, Koci Uwani ta tara su tana share hawaye da gefen mayafi.

“'Yan banza, duk kun saɓa mini. Allah ya yi muku albarka.”

“To Mama, usur fa?” in ji Ladidi tana ɗingishi.

Koci ta ciro shi daga wuya, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar. Har yau yana wuyanta, gwiwoyinta na ciwo, tana so ta huta.

To jama'a, ku taimaki tsohuwa: tsakanin mai ƙafa, da mai ido a ƙeya, da mai ajiye ƙwai, wace ce ta fi cancantar usur ɗin?