Igiyar Kurege da Ɗan Hasbiya

Ga ta nan, ga ta nanku. Kuma na rantse, ko na kai ku wurin da ƙafata ba za ku yarda ba.

Ta zo mu ji ta, mu ga iyakar ƙaryarka.

A wani daji akwai wata doguwar giginya, ramin Kurege kuwa a gindinta yake. Dokar dajin ɗaya ce: abin da ke sama na mai iya hawa ne, abin da ya faɗo da kansa na wanda ya riga taɓawa ne. Kurege bai iya hawa ba, a gudu kuma Zomo ya fi shi. Giginya ta faɗo tim, kafin ya fito an ɗauke. Tim, an ɗauke. Tim, an ɗauke. Har haƙarƙarinsa suka fito.

Ran nan ya tara dabbobi, ya ɗaga jela.

"Jama'a, wa ke sauko muku da giginyar nan?"

Biri ya ce, "Nuna ta yi ta faɗo mana."

"To me ya hana ta faɗa sama? Ko gefe?"

Biri ya sosa ƙeya.

Kurege ya ce, "Igiya ce. Komai na duniya da igiyarsa, ido ba ya ganinta, bakinta kuwa yana cikin ramina. Ni ke ja. Biri, yi tsalle."

Biri ya yi tsalle, ya dawo ƙasa.

"Na ja ka."

Ya sake tsalle, ya sake dawowa.

"Na sake ja."

Sai da aka yi bakwai Biri ya ce, "Don Allah Malam, bar ni haka, gwiwata."

Tsohon Kunkuru ya miƙo wuya. "To wata fa, ɗan nan? Me ya hana ka jawo shi?"

"Ai Baba shi ma ja nake. Kullum faɗowa yake yi, gudun gefe ne ya yi masa yawa, sai ya kuskure ƙasa ya zagayo. Ran da na saki, ya tafi ke nan."

Nan kam ɗan banzan ya dace da gaskiya, don malaminmu ya faɗi irinta kafin in tsallake katangar makaranta. Kunkuru ya mayar da wuya. Daga ranar duk abin da ya faɗo na Kurege ne, tunda shi ya ja. Ya ci, ya ci, har ƙofar rami ta yi masa kaɗan.

To, a can ƙololuwar giginyar Hasbiya ke da sheƙa. Ƙwai biyu ta ƙyanƙyashe, shirwa ta ɗauke ɗaya, saura ɗaya. Wata safiya ta sauko da ɗan ƙunshin riɗi a bakinta, ta ajiye a gaban Kurege.

"Yaya Kurege, gobe nake so ɗana ya fara tashi. Shirwa na zagaya mu, fukafukinsa kuma bai gama ƙwari ba. Ka sassauta masa igiyar daga hantsi zuwa azahar. Shi ke nan gare ni."

Kurege ya dubi Hasbiya, ya dubi riɗi. Gaskiya ta zo masa har maƙogwaro, ƙanshin riɗi ya mayar da ita ciki.

"Daga hantsi zuwa azahar? Har la'asar ma na ba ki."

"Allah ya saka da alheri, Yaya."

Washegari da hantsi yana rami yana tauna riɗi, sai ya ji wani abu ya taɓa ƙasa. Shi ya san ƙarar duk abin da ke faɗowa a gindin nan. Giginya tim take yi, busasshen ganye kwaram. Wannan ɗan ƙarami ne ƙwarai, ɗas. Riɗin ya tsaya masa a baki.

Da ya fito, ga ɗan tsuntsu kwance, wuya a karkace. Hasbiya na tsaye a kansa, tana tura shi da baki, tana turawa. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗago kawai.

"Mantawa ka yi, Yaya?"

Dabbobi suka taru. Kurege ya buɗe baki, bakin da bai taɓa rasa magana ba.

"Igiyar ce ta sarƙe. Ta shekara ba a sa mata mai ba, sai..."

Kunkuru ya ce, "Bushiya, shiga ramin ki ɗauko mana ita mu gani."

Bushiya ta shiga, ta daɗe, ta fito. "Ƙwallon giginya ne tuli, sai ragowar riɗi. Ko zare babu."

Kurege ya sauke jela har ƙasa. "Babu igiya. Ƙasa ce ke jan abinta, ba ta tambayar kowa. Ni ma tana ja na."

Hasbiya ta ce, "Da ka ce babu, da na bar shi kwana uku. Kwana uku kawai yake so."

Biri ya damƙi wuyan Kurege. "Zo mu hau sama, Malam, in sake ka, ka sassauta wa kanka."

Har ya fara hawa da shi, Hasbiya ta ce, "Sauke shi. Ba na son jin ƙarar nan sau biyu. Tunda haƙa ya iya, ya haƙa wa ɗana."

Kurege ya haƙa. Ya haƙa, ya haƙa, babu mai taya shi. Da ya gama ya ɗauki ɗan tsuntsun da hannu biyu, sai ya ji kamar auduga ya ɗauka. Abu mara nauyi haka, amma ƙasa ba ta ƙyale shi ba. Ya kwantar da shi, ya mayar da ƙasa, Hasbiya na tsaye har ya daddale.

Ƙurunƙus. Darasin kuwa: in za ku yi ƙarya, ku yi ta a kan wata, shi ba shi da uwar da za ta zo ta tambaye ku.